Ɗigo ɗaya da ya hana ni barci a Blender

Gaskiya da farko raina abin na yi. A Blender, manhajar ƙera katun na 3D da motsa su, duk motsin da ka sa wa keyframe (alamar da ke riƙe matsayin abu a wani lokaci) yana da wani ɗan rubutu da ake ce wa data_path, kamar kwatancen gida yake, misali pose.bones["hannu"].location, wato shiga cikin ƙasusuwan ɗan katun ɗin, nemo wanda sunansa hannu, ga inda yake tsaye. Aikin da aka ba ni shi ne in rubuta sikirif na Python da zai kwashe motsi daga wani katun ya ɗora wa wani, sai na ce ai wannan ba wani abu ba ne, in datsa rubutun duk inda na ga ɗigo da split(".") shi ke nan.

Ya yi aiki kuwa, kwana biyu ina ta jin kaina. Sai aka turo min katun na ainihi, ashe ƙasusuwansa hannu.L da hannu.R suke, don da haka Blender ke gane hagu da dama, ga kuma .001 ɗin nan da yake liƙa wa duk abin da ka kwafa. Sikirif ya raba suna gida biyu, katun ya tsaya ƙiƙam, ni kuma har asuba ina zargin kwamfuta.

Na koma datsawa a kan alamar " ina murna na gano bakin zaren, shi ma bai daɗe ba, don suna yana iya ɗaukar wannan alamar a cikinsa, Blender sai ya sa mata \ a gaba. Wai ashe akwai bpy.utils.escape_identifier tun tuni don wannan matsalar, ban taɓa leƙawa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, path_resolve na nan zaune, ka miƙa masa kwatancen ya kawo maka abin kai tsaye. Lambar X, Y ko Z ma ba a cikin rubutun take ba, tana array_index, 0 zuwa 2, in quaternion ne (salon juya abu mai lambobi huɗu) har 3.

Yanzu in dole sai na warware da kaina, harafi-harafi nake bi, ina lura ko ina cikin suna ko na fito. Kuma akwai wani ƙashi da na raɗa wa a."b].c da gangan, duk sikirif ɗin da na rubuta sai ya fara haɗuwa da shi kafin in tura wa oga.