Aikin canjin ƙugu da aka yi min, da abin da ya biyo baya a gida

Ni da ɗingishi na taso, a Gusau kowa ya san tafiyata tun daga nesa. Mutanen gida suna cewa targaɗe ne na yarinta, an kai ni wajen masu ɗori ba adadi. Sai da ciwon ya fara hana ni barci aka ɗauki hoton ƙashi, likita ya fara tambaya ko ina da sikila, don ita ma tana cinye kan ƙashin cinya. Ba ita ba ce. Ya ce, Hajiya, haka aka haife ki, ramin ƙugun da kan ƙashin ke zama ciki bai yi zurfi ba, ƙashin ya goce ya haye sama, shi ya sa ƙafar hagu ta fi gajarta.

A asibitin ƙashi na Dala a Kano aka yi aikin. Sun yanke kan ƙashin da ya lalace, suka sa ƙarfe cikin ƙashin cinya da ƙwallo a samansa, sannan wani ɗan kofi mai roba a ciki ya zama sabon rami. Nawa da yake ya haye sosai sai da suka rage tsawon ƙashin kaɗan, don in aka jawo ƙafar ƙasa da ƙarfi babbar jijiyar da ke saukowa ta bayan cinya tana iya taɓuwa.

To wallahi aikin bai ba ni wahala kamar komawa gida ba. Rayuwarmu duk a ƙasa take, tabarma, kujera 'yar tsugunno, murhu, masai na tsugunno, ga kuma sallah, kuma duk an hana ni na kusan wata uku, kar in tsuguna, kar in harɗe ƙafa, kar gwiwa ta fi ƙugu tsawo in na zauna. Duk mai shirin wannan aiki don Allah ya gyara banɗaki tun kafin ya tafi, ya samu kujera mai tsawo da gado ba katifa a ƙasa ba. Sallah a kan kujera na dinga yi, ranar farko har kuka na yi don kewar sujada.

Atisayen masu fisiyo, wato ma'aikatan asibiti masu koyar da motsa gaɓoɓi, kuma kar a yi wasa da shi, haka maganin hana daskarewar jini. Ɗingishin bai tafi gaba ɗaya ba, naman wurin ya daɗe a haka, amma ciwon dare ya tafi, alhamdulillah. Yanzu 'yata ta haihu, na matsa mata sai da likita ya duba ƙugun jaririyar, don abin ya fi kama mata kuma yana bin dangi.