Godiya ga waɗanda suka tsaya har aka kammala zaman awa 48

Assalamu alaikum.

Kwamitin shirye-shirye na ƙungiyarmu ta masu ƙirƙirar wasannin kwamfuta yana miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu a zaman ƙirƙirar wasa na awa 48 da aka rufe, da daren baje koli da sada zumunci da ya biyo baya. Tsarin da aka bi shi ne wanda Global Game Jam, taron ƙirƙirar wasanni na duniya, ke bi tun 2009: a ba da jigo ɗaya, a rabu tawaga-tawaga, kowace ta fito da wasan da baƙo zai iya bugawa kafin lokaci ya cika.

Godiyar farko ta waɗanda suka zo tun jajibiri ce, domin aikinsu ba ya fitowa a hoto. Su suka bi kwamfuta ɗaya bayan ɗaya suka tabbatar duk 'yan tawaga guda suna kan siga ɗaya ta injin wasa, Godot ne ko Unity. Su suka sauke fayilolin da Godot ke buƙata wajen fitar da wasa, wato mayar da shi abin da za a buga ba tare da injin ba, suka zuba a filas, tun da dole lambar sigarsu ta yi daidai da ta manhajar, kuma nauyinsu ya kai ɗaruruwan megabait. Da an bar kowa ya sauke nasa a daren ƙarshe, da intanet ɗin zauren ya durƙushe. Sun kuma buɗe wa kowace tawaga ma'ajiyar Git, inda 'yan tawaga ke haɗa fayilolin aikinsu wuri ɗaya, suka hana foldar Library ta Unity da foldar .godot shiga ciki, suka nanata cewa fayilolin .meta na Unity kam dole su shiga. Idan suka ɓace, hotuna da sauti sukan ɓalle daga abubuwan da aka ɗaura su a kai, mutum ya buɗe aikin abokinsa ya tarar da fili fayau. GitHub, shafin da ake ɗora ma'ajiyar Git a kai, ba ya karɓar fayil da ya wuce megabait 100, shi ya sa aka ce ɗanyen sauti da manyan zane su zauna a gefe.

Muna gode wa ƙwararrun da suka riƙa zagaya teburori, musamman saboda yawan cewa "a rage". Babu abin da ke kashe wasa a irin wannan zama kamar dogon buri. Jadawalin da suka riƙe shi ne: awa uku na farko a kan takarda, zuwa awa ta 12 a sami abin da ake bugawa, ko da murabba'i ne ke tsalle a kan murabba'i, daga awa ta 36 ba a ƙara sabon abu, sai gyara. Abin da ya fi muhimmanci a ganinmu shi ne tilasta wa kowa ya fitar da wasansa daga cikin injin tun ranar farko ya gwada a wata kwamfutar. A nan matsaloli ke ɓuya. Windows ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, amma wasan da aka fitar yakan bambanta, sai hoto ya ƙi fitowa. Idan a intanet za a buga wasan, burauza ba ta barin sauti ya tashi sai mai wasa ya danna wani abu, don haka allon farko yana buƙatar maɓallin farawa. Wanda zai ɗora wasan burauza a itch.io, shafin baje wasanni, kuma, fayil ɗin index.html ne shafin ke nema a cikin ƙunshin zip ɗinsa.

Masu gwaji, ku ma kun yi mana babban aiki. Ƙa'idar gwajin tana da wuya ga wanda ya ƙirƙiri wasan: ya miƙa madannai, ya yi shiru minti biyar, ya rubuta inda baƙo ya maƙale. Da zarar ya buɗe baki ya ce "danna nan", gwajin ya lalace. Ta hannunku aka kama kuskuren nan da ya daɗe yana wahalar da sababbin shiga, wato motsin da ba a ninka da tazarar lokaci tsakanin hoto da hoto ba. Wasan yana tafiya lafiya a allon da ke sabuntawa sau 60 a daƙiƙa, ya koma gudun famfalaƙi a mai 144.

Masu sauti sun yi ƙaranci, suka raba kansu tsakanin tawagogi ba tare da ƙorafi ba. Mun gode. Haka waɗanda suka zauna duba lasisin kayan aro: lasisin CC0 ba ya neman komai, na CC BY kuwa sai an rubuta sunan mai shi a jerin waɗanda suka yi aiki.

A daren sada zumunci, katin ƙirji mai layi biyu, "abin da na iya" da "wanda nake nema", ya sa mai zane ya sami mai rubuta kod ba tare da dogon kewaye ba. Minti biyun da aka ba kowace tawaga ta gabatar da kanta sun wadatar.

Muna neman afuwa kan ƙarancin soket. Tawagar mutum huɗu tana buƙatar aƙalla takwas idan aka lissafa wayoyi da ƙarin allo, kuma lissafinmu ya gaza. Masu ɗaukar murya ma sun rasa ɗaki mai shiru. A zama na gaba za a ware musu.

Muna roƙon kowace tawaga ta bar wasanta a shafi yadda aka miƙa shi, gyara ya hau a matsayin siga ta biyu, ta kuma cika sunayen duk waɗanda suka yi aiki, har da masu gwaji. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Kwamitin shirye-shirye