Farautar tsofaffin katuna a Tokyo

Mako guda ke nan da dawowata daga Japan, kuma har yanzu ban gama jera katunan da na sayo ba. Taron aiki ne ya kai ni Tokyo, sai na ƙara kwana uku saboda abin da na daɗe ina tarawa, wato tsofaffin katunan gidan waya masu ɗauke da hotunan fina-finan zane na ƙasar, waɗanda suke kira anime.

Ranar farko na yi sammako irin na ɗan kasuwa, na hau jirgin ƙasa na layin Chuo daga Shinjuku, kafin in gyara zama mun isa Nakano. Ashe yawancin shagunan da nake nema a ginin Nakano Broadway ba sa buɗewa sai sha biyun rana, don haka na yi ta zagaye har ƙafafuna suka gaji. Ginin tsoho ne, tun 1966 aka buɗe shi, kuma a cikinsa kamfanin Mandarake ya faro a 1980 da ɗan shagon tsofaffin littattafan zane. Lungunansa sun tuna mini da Kantin Kwari, sai dai babu mai jan rigarka yana cewa "Alhaji, me ake nema?"

A wani ƙaramin shago na tarar da katuna biyu na Nausicaä, fim ɗin Hayao Miyazaki na 1984, hoto iri ɗaya, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayan sau uku. Na juya su gaba da baya ban ga bambanci ba, sai da mai shagon ya nuna mini wata 'yar lanƙwasa a kusurwar mai arahar, wadda ba ta kai ƙwayar gero ba. Na nemi ragi kamar yadda muka saba, ya sunkuyar da kai cikin ladabi, ya sake nuna mini farashin da ke manne a ledar. Ko "albarka" ban samu ba, balle a shiga ciniki. Na ɗauki mai lanƙwasar, na ajiye kuɗin a ɗan farantin da ke kan kanta, domin ba a cika miƙa kuɗi hannu da hannu ba. A ganina tsadar ta yi yawa, amma ba zan ce an cuce ni ba, tunda shi da kansa ya nuna mini aibin kayansa.

Kashegari na je Jimbocho, unguwar masu sayar da tsofaffin littattafai, inda na haɗu da wani dattijo da ba zan manta da shi ba. Da ya ga ina duba katin Galaxy Express 999, fim ɗin 1979, sai ya jawo mini kujera, ya kawo koren shayi, sannan ya ciro tsofaffin fitowar mujallar Animage, wadda aka fara bugawa a 1978. Da ɗan Turancinsa ya bayyana mini cewa irin waɗannan mujallu kan zo da kyautar kati ko fosta a ciki, kuma mujallar da kyautarta ta ɓace darajarta takan faɗi. Ya koya mini riƙe kati ta gefe da yatsu biyu, ya nuna mini ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa da laimar daminarsu ke bari a takarda. Ni kuwa hankalina ya tafi kan katunan taurarin fina-finan Indiya da muka tara muna yara a Kano, waɗanda gara da ƙurar hunturu suka cinye. Da zan tafi ya ƙara mini ledojin adana kati, ya ƙi karɓar ko sisi a kansu.

Gidan tarihin Ghibli (kamfanin fina-finan zane na su Miyazaki) da ke Mitaka, wanda aka buɗe a 2001, sai da tikitin da aka saya tun kafin ranar, kuma ba a ɗaukar hoto a ciki. Katunan shagonsa sababbi ne, na sayi biyu kawai saboda yara.

A hanyar dawowa wani jami'in filin jirgi ya zazzage jakata, ya riƙe katin Nausicaä da yatsa a tsakiyar hoton, yana tambayata ko babba kamata bai girmi wasan yara ba. Ban tanka masa ba, idona yana kan kusurwar katin har ya ajiye.