Tsakanin mai raino da gidan ma'aikata

Ɗan kamfanin da nake gudanarwa aikinsa guda ɗaya ne: haɗa mata masu neman aikin raino da gidajen da uwa da uba duk suke fita aiki. Masu nema ba sa yankewa a ƙofarmu, iyaye ma haka, musamman uwar da hutun haihuwarta ya zo ƙarshe. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shekarar 2000 ta ce hutun nan kada ya gaza mako 14, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa so take a shayar da jariri nono zalla har wata shida. A wannan tsakanin ne yawancin aikinmu yake fitowa. Uwa ta koma ofis, jariri bai cika wata huɗu ba, kakarsa tana wani gari, maƙwabta kowa ya kulle ƙofarsa ya fita nema. Haɗa mutum biyu ba wuya gare shi ba. Abin da ke cin lokacina shi ne in sa kowane ɓangare ya faɗi abin da ke ransa kafin ranar fara aiki, domin duk aikin da na ga ya watse, in ka bi sawunsa, a kan maganar da aka ƙi yi tun farko za ka tarar da shi.

Duk wadda ta zauna a gabana da “ni dai ina son yara” take farawa. Na yarda, amma ba a nan tambayata take ba. Ƙarfe nawa kike tashi? Mota nawa za ki hau kafin ki isa unguwar? In kina da naki yaran, wa ke riƙe su? Iyaye ma'aikata lokaci suke saya kafin komai. Ma'aikaciyar jinya da za ta karɓi aiki ƙarfe bakwai ba ta iya sa ƙafa waje sai mai raino ta shigo, kuma makarar minti ashirin a nan takardar gargaɗi ce a can. Shi ya sa nake duba nisa kafin in duba komai. Mace tana iya zama gwana, amma in sai ta canza mota uku cikin cunkoson safe, wata biyu ya yi yawa ta fara makara, fuska ta fara canzawa a gidan. Irin wannan ko dai in nema mata gida kusa da ita, ko mu yi maganar aikin kwana in halinta ya ba da dama.

Daga nan sai gwaji, tunda gani ya kori ji. Akwai 'yar tsana a ofis mai girman jariri. Nakan miƙa mata in ce ga ɗan wata biyar ya yi barci, ki kwantar da shi. Da yawa sai su kifa shi rub da ciki, su juya kan gefe, su ja bargo har wuya, har da ɗan bubbuga baya cikin ƙwarewa. In na tambayi dalili, sai a ce don kada ya ƙware in ya yi tumbiɗi. Rigingine ake kwantar da jariri, a kan shimfiɗa mai tauri, ba filo, ba tarin zannuwa kusa da fuska. Tun da aka fara yekuwar wannan a Amurka a 1994, mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci ta ragu da kusan rabi a can. Sai in ce to abu ya maƙale masa a maƙoshi, ya kasa kuka. Abin da nake son gani shi ne ta kifa shi a kan hannunta, kansa ya yi ƙasa, ta buga tsakanin allon kafaɗunsa sau biyar, in bai fito ba ta juyo shi ta danna ƙirji sau biyar. Wadda ta zura yatsa tana lalube a bakin ta ƙara tura abin ciki ke nan.

Rashin sanin waɗannan ba ya hana ni ɗaukar mace, koyarwa muke yi. Ba a ba ɗan ƙasa da shekara ɗaya zuma, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai isa yaƙarta ba. Nonon da uwa ta tatsa ta bari, awa huɗu yake yi a waje, a firij kuwa kwana huɗu. Jaririn da bai kai wata uku ba in zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti ake nufa nan take, ana tafe ana kiran uwarsa. Tambayar da ta fi nuna mini halin mutum ita ce ta kuka: ya ƙoshi, an canza masa famfas, amma ya shafe awa guda yana tsala ihu, ke kaɗai ce a gidan, ya za ki yi? Amsar da ke kwantar mini da hankali ita ce ta ajiye shi a gadonsa, ta koma gefe ta yi 'yan mintoci ta huce, ta kira uwarsa. Jijjiga jariri da ƙarfi cikin fushi na iya sa jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, kuma yawanci gajiya ce ke kai mutum ga haka. Wadda ta ce ita kukan yaro bai taɓa damunta ba, ita nake ƙara sa wa ido.

Sauran bincike gajere ne. Kwafin katin shaida, mutum biyu da za su tsaya mata, da lambar gidan da ta bari. In na kira tsohuwar uwar ɗakinta, yabo ba ya gaya mini komai, kowa yana yi don kunya. Tambaya ɗaya nake jira in yi: “Da za ki sake buƙata, za ki ɗauke ta?” Ɗan shirun da ke biyo baya ya ishe ni. Ƙasa da shekara 18 kuma ba na ɗauka, ko da iyayenta ne suka kawo ta da kansu. Yarinya ba ta rainon jariri ita kaɗai a gida tun safe har dare.

Iyaye su ma suna da nasu ɓoye-ɓoyen, kuma nan ne na fi shan fama. Uwa za ta ce, “Ai ba wani aiki ba ne, raino ne kawai, yaron ma barci yake wuni yi.” Sai in ce, “To Maman yara, wa ke wanke kayan maigida? Wa ke share tsakar gida? In kun yi baƙi wa ke shiga kicin?” Sai ka ga an yi murmushi, an ce ai in ta samu sarari sai ta ɗan taimaka. Daga wannan “ɗan taimaka” ake wayar gari mai raino ta koma 'yar aikatau, albashin kuwa yana nan inda yake. Rashin adalcin ma a ajiye shi gefe, akwai haɗari a ciki. Yaron da ya fara rarrafe, bokitin da ruwansa bai kai rabi ba ya isa ya halaka shi, ba kuma za a ji ko motsi ba, alhali wadda aka ɗauka don ta tsare shi tana can tana shanya. A takardar sharuɗɗan aiki da muke yi tsakanin iyaye da mai raino ana rubutawa: kayan yaro, fidarsa, abincinsa da ɗakinsa nata ne. Abin da ya wuce haka sai an faɗa, an kuma sa masa kuɗinsa daban.

Sai lokacin tashi. Kowa yana tsayawa a kan lokacin zuwa, na tashi kuwa “ina hanya” ke cinye shi. An ce ƙarfe shida, yau bakwai, gobe takwas da rabi saboda taro ya ja, ita kuma mai rainon nata 'ya'yan suna jiranta, motar unguwarsu ta yi wuya. Taro yakan ja, wannan ba laifin kowa ba ne. Abin da nake nema a rubuta shi ne nawa za a biya kan kowace awa da ta ƙaru, kuma wa zai mayar da ita gida in dare ya yi. Tun ran gini tun ran zane. A takardar nan ne ake sa ranar biyan albashi, da ranar hutu, da abin da za a yi in ita ce ba ta da lafiya. In akwai kyamara a gidan a gaya mata, kuma ba a sa ta a banɗaki ko ɗakin da take kwana. Ita ma akwai nata sharuɗɗan: ba duka, ba baƙo, ba ɗora hoton ɗan mutane a intanet, ba miƙa wa jariri waya don ya yi shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara biyu ba a zaunar da shi gaban allo, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Yawancin abin da ke cikin takardar ba ni na ƙago ba. A 2011 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya mai lamba 189 a kan masu aikin gida, wadda ta tanadi hutun aƙalla awa 24 a jere kowane mako, da bayyana sharuɗɗan aiki, a rubuce in da hali, da haƙƙin ma'aikaciya ta riƙe katin shaidarta da fasfonta a hannunta. Ƙasashe da yawa ba su rattaba mata hannu ba har yanzu. A ƙiyasin ƙungiyar na 2021 masu aikin gida a duniya sun kai miliyan 75.6, kusan uku cikin huɗu mata ne, takwas cikin goma kuma aikin nasu ba ya ƙarƙashin wata kariya ta hukuma.

Yarjejeniyar ta kuma hana a cire la'adar dillali daga albashin ma'aikaciya, kuma a kan wannan nake. Iyaye ke biyana, mai raino ba ta ba ni ko sisi, albashinta kuma hannunta yake shiga kai tsaye. Akwai masu wannan sana'a da ke karɓe albashin watan farko ɗungurungum, akwai waɗanda ta hannunsu kuɗin ke bi duk wata su yanki nasu. Mai neman aiki in aka ce ta biya kuɗin fom kafin a nuna mata gida, ko a ce ta bar ainihin katinta a ajiye, ko a ƙi gaya mata adireshin inda za a kai ta, ta tattara jakarta ta yi gaba.

Makon farko na gwaji ne, kuma biya ake yi. Nakan roƙi uwa ta zauna gida kwana ɗaya ko biyu su yi tare, balle in yaron ya kai watannin ƙiwa. Abin da ba kowa ke shirya masa ba yana zuwa ne daga baya, lokacin da aiki ya yi kyau. Uwa ta dawo a gajiye ta miƙa hannu, yaro ya maƙale a jikin mai raino yana kuka. Na sha amsa waya a kan laifuffukan da in ka tona babu komai ƙarƙashinsu sai wannan. Don haka nake koya wa matanmu su riƙa tanadar wa uwa rabonta: ɗan bayanin abin da ya ci, da barcin da ya yi, da abin da ya ba shi dariya, sannan a bar mata wankan yamma in tana so.

Rabuwa ma tana cikin takarda, notis na wata guda daga kowane ɓangare, don yawancin aikin yana ƙarewa ne in yaro ya shiga makaranta. Kafin a yi sallama nakan sa iyaye su rubuta mata takardar shaida mai ɗauke da ranar da ta fara, ranar da ta bari, shekarun yaran da ta riƙe, da lambar da za a kira a tabbatar. Kwafi ɗaya yana zama a fayil ɗinmu, ainihin kuma ita ke tafiya da shi gida na gaba.