Godiya ga waɗanda suka tashe mana kwamfutocin aji

Assalamu alaikum jama'ar Maradi da 'yan uwa na nesa. Alhamdu lillahi, ajinmu na koyon kwamfuta ya buɗe, yara sun zauna, darasi ya kankama. Duk wanda ya leƙo mu a makonnin baya ya ga na'urori jere a kan tabarma, wasu fuska baƙi ƙirin, wasu sun kafe a kan layi ɗaya na rubutu, ya san ba ƙaramar wahala aka sha ba. Akwai mutanen da Allah ya kawo mana ɗauki ta hannunsu, kuma ba zan iya gode musu a ɓoye ba.

Kwamfutocinmu na tafi-da-gidanka duk na gwanjo ne. Wasu iyaye suka haɗa kuɗi aka saya, wasu kuma kyauta ce daga 'yan kasuwarmu masu zirga-zirga Kano da Kwatano. Kowace da shekarunta, kowace da halinta. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 sai furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) mai bit 64, wato sabon tsarin da ya gaji na bit 32, da RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) giga 4, da wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, abin da yawancin namu ba su da shi. Sai muka tsai da shawara a kan Linux, wata babbar manhaja da ke maye gurbin Windows, tunda kyauta ne kuma ba ya raina tsohuwar na'ura. Aka sauke Ubuntu, wani nau'in Linux mai bit 64, aka zuba a kilen USB. Wasu na'urorin suka karɓa nan take, wasu suka ƙi ƙememe, ga ranar buɗe aji tana matsowa, ga iyaye suna tambaya.

Godiyata ta farko ga Malam mai gyaran kwamfuta na wajen babbar kasuwa. Bawan Allah yakan rufe shagonsa ya zo bayan isha'i, da ɗan sukurdirebansa a aljihu da tocila a baki. Bai ko kalli takardar da ke manne a jikin na'ura ba, sai ya shiga BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke tada na'ura, ya karanto lambar furosesa. Nan ya ware mana ƙananan nan masu Intel Atom N270, 'yan wajen 2008, ya ce bit 32 kaɗai suke ji, ko shekara za a yi ana tura musu fayil ɗin bit 64 ba za su tashi ba. Ya ce: "Malam, kamar ka karanta wa mutum wasiƙa ne da harshen da bai taɓa ji ba. Lafiyarsa ƙalau, kunnensa ƙalau, maganar ce ba tasa ba." Ya kuma nuna mana biyu masu kama da juna, ɗaya Core Duo, ɗaya Core 2 Duo. Dukansu na 2006 ne, amma ta farkon bit 32 ce, ta biyun bit 64. Mutane nawa ne suka jefar da na'ura mai rai saboda ba su lura da wannan 2 ɗin ba? Malam bai karɓi ko dala ba. Allah ya yi wa kasuwarka albarka.

Sai 'yar yayata, ɗaliba a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Ita ta raba gardamar da ta kusa tsai da aikin. Wasu masu taimaka mana sun ga an rubuta amd64 a sunan fayil ɗin Ubuntu, suka dage cewa na kwamfuta mai furosesar AMD ne kawai, namu kuwa kusan duk Intel ne. Ta ce: "Kawu, AMD ne ya fara fito da wannan ƙira a 2003, Intel ya bi sahu a 2004, shi ya sa sunan ya zauna. Da amd64 da x86_64 da x64 duk abu ɗaya ne, kuma yana tafiya a kan Intel." Daga nan ta buɗe wata HP mai RAM giga 8 wadda ke amfani da uku da ɗoriya kawai. Ashe wanda ya sayar ya ɗora mata Windows mai bit 32 ne a kan furosesa mai bit 64, shi kuwa wannan Windows ɗin ba ya wuce giga 4. Shekara da shekaru na'urar tana aiki da rabin ƙarfinta. Ta nuna min wurin da Windows ke rubuta abu biyu a layi ɗaya, bit ɗin manhajar da bit ɗin furosesa, ta ce na biyun ake dubawa. A Linux ma haka: umarnin uname -m yana faɗin abin da aka ɗora ne, lscpu shi ke faɗin abin da furosesa za ta iya ɗauka. Yarinyar da na goya jiya, yau ina zaune ina rubuta abin da take faɗa a littafi. Allah ya ba ki miji nagari da ilmi mai amfani, ɗiyata.

Waɗanda suka fi ba mu ciwon kai wasu 'yan sirara ne masu Atom Z3735F. Furosesar bit 64 ce, fayil ɗin daidai yake, amma ko ganin kilen ba sa yi. Malam ya juya, ɗiyata ta juya, shiru. Wani ɗan uwa a Damagaram, wanda har yau ban taɓa ganin fuskarsa ba, ya ga hoton da muka saka a zauren WhatsApp, ya kira da kuɗinsa cikin dare. Ya ce irin waɗannan furosesarsu 64 ce amma UEFI, wato sabon nau'in BIOS ɗin da ke tada su, 32 ne, don haka sai an saka ɗan fayil mai suna bootia32.efi a cikin kilen, ko a ɗauki Linux ɗin da ya zo da shi tun asali, irin Fedora. Ya tsaya a waya har ta farko ta haska. Yallaɓai, Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ina kuma gode musu su ukun da suka faɗa min gaskiya inda ba ta da daɗi. An kawo mana wata Chromebook mai furosesar MediaTek, wani Alhaji kuma ya aiko da MacBook ɗin ɗansa mai M1, irin wanda Apple ya fara fitarwa a 2020. Waɗannan dangin ARM ne, wato wata ƙirar furosesa daban, ba su da haɗi da amd64 ko kaɗan, kuma ko fayil ɗin arm64 da aka yi wa dangin nasu ba ya shiga kai tsaye kamar yadda ake zato. Na Apple sai an bi ta aikin Asahi Linux, wato Linux ɗin da aka shirya domin irinsu. Suka ce a bar su da manhajarsu ta asali, aka bar su, kuma suna aiki.

Masu bit 32 ɗin an ɗora musu Debian 12 da antiX, wasu nau'o'in Linux, yara suna koyon buga rubutu da manhajar LibreOffice a kansu. Amma ni dai ba zan ba kowa shawarar ya sayi irinsu yanzu ba, komai arharsu. Ubuntu ya daɗe da barinsu, Chrome ya daina fitar musu da sabo a Linux tun 2016, Debian 13 da ya fito a Agustan 2025 ma bai zo da faifan girkawa nasu ba. Wadda ke hannu a mora, kada a ƙaro.

Ban manta da maƙwabcinmu da ya ja mana waya daga solarsa duk lokacin da wuta ta ɗauke ba, da Hajiya da ke aiko da fura mai sanyi da rana tsaka, da samarin unguwa da suka haɗa mana kuɗin forfe don sauke fayiloli, da iyayen da suka yi haƙuri aka ɗage ranar buɗewa ba su ce uffan ba. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri, ya jiƙan magabatanku.

Mai tsohuwar kwamfuta a ajiye da yake zaton ta mutu, ya kawo ta aji ranar Asabar bayan la'asar tare da cajarta. Malam da ɗiyata sun yi alkawarin zama su duba lambar furosesa kyauta. A kwashe hotuna da takardu masu muhimmanci tun daga gida, domin girka sabuwar manhaja yana iya share komai.