Rosarin da na koya a aikin dare

Na shekara takwas ina aikin jinya kafin na gane cewa ƙirge kawai na iya, ban iya addu'ar rosari ba, wato addu'ar da mu Katolika muke yi da carbi. Tun a ajin katikis na haddace tsarin: ƙwaya 59, "Ubanmu" ɗaya, "A gaishe ki Maryamu" goma, "Ɗaukaka ga Uba", haka har sau biyar. Cikin minti goma nake gamawa, wani lokaci a bakin titi ina jiran mota.

Wata tsohuwa 'yar Zumuntar Mata ce ta gyara mini. Karaya ta samu a ƙugu, barci ya ƙaurace mata. Wata Juma'a da dare, na gama raba magani ke nan, ta ce, "'Yata, zo ki riƙe mini carbin nan, yatsuna sun ƙi." Na zauna na fara zuba addu'a kamar ana kora ta. Ta dafa hannuna. "Ina za ki? Ai ba mu fita daga Getsamani ba."

Talata da Juma'a ranakun asiran baƙin ciki ne, wato tunani a kan wahalar Yesu tun daga addu'arsa a lambun Getsamani har zuwa gicciye, asiri ɗaya ga kowane goma; wannan na sani. Tsayawa a cikinsu ne ban taɓa yi ba. Ita kuwa kafin kowane goma sai ta yi shiru, ta ce in duba: ga Yesu durƙushe, ga Bitrus da Yaƙub da Yohanna barci ya kwashe su. Ta nuna baranda, inda 'ya'yanta masu jinyarta suke kwance. "Su ma sun gaji," in ji ta, ba tare da ɓacin rai ba. Da muka zo ɗaukar gicciye ta daɗe ba ta ce komai ba, ni ma ban katse ta ba.

Daga baya na karanta wasiƙar Paparoma John Paul na Biyu ta Oktoba 2002, wadda ya ƙara asiran haske biyar a cikinta. Ya maimaita maganar Paparoma Paul na Shida, cewa rosarin da babu zurfin tunani a cikinsa gangar jiki ce babu rai. Ashe an ba yatsu aikin ƙirge ne domin zuciya ta sami sararin kallon Yesu tare da mahaifiyarsa.

Abin ya bi ni har cikin aiki. Na lura cewa gaggawar da nake wa carbi ita nake wa marasa lafiya: gado na uku, gado na huɗu, na wuce. Na fara kiran sunayensu, ina tsayawa in ji amsa idan na ce "yaya jiki?"

An sallame ta bayan mako biyar. Yanzu a aikin dare goma ɗaya kawai cikin biyar ɗin nake samun yi, wajen ƙarfe uku, idan ɗaki ya yi tsit.