Garin tsiro, zagaye na uku: kunu ya saki ba tare da ƙarin ruwa ba

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon haɗa garin kunu. Rabona da in ba ku labarin inda aka kwana tun ƙarshen watan Yuli. Ba lalaci ba ne, kunya ce: sau biyu a jere ina ɓata hatsi, har na rasa bakin magana. Yau dai na samu abin faɗa.

Ga waɗanda suka tarar da mu a hanya, garin nan da ake kira Tom Brown muke koyo, a kan awon da aka saba: 6 na hatsi, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. Ni da gwangwanin madara nake aunawa, kuma nakan raba hatsin gida uku, gero 3, dawa 2, acha 1. Achar son raina ne kawai, tunda a Jos muke ba za a ce mun rasa ta ba, amma duk wadda za ta sa ta shirya wa rege, domin yashinta sai mai haƙuri. A Katako nake sayen hatsi. Waken suya kuwa hannuna ya riga ya faɗa: in jiƙa shi ya kwana, in tafasa, in murje ɓawon, in shanya, sannan in soya a kasko har gafin ya fita. Kada a yi ha'inci a wannan mataki. Ɗanyen waken suya yana ɗauke da wani sinadari da ke hana ciki narkar da furotin ɗin da muke nema, kuma wuta ce ke karya shi.

Abin da ya dame ni tun farko shi ne kauri. Ɗan ƙanwata yana wata 9, yana shan nono ana haɗa masa da kunu. In aka dama garin yadda ya kamata sai ya kama kamar talge, yaro ya kasa haɗiya, uwar ta ɗauko ruwan zafi ta tsinka shi har ya koma tsululu. Ya shanye tas, kowa ya ji daɗi. Amma cikin yaro a wannan watanni bai ɗaukar abin da ya wuce kamar kofin shayi ɗaya a zama guda. In rabin kofin ruwa ne, to da ruwa ya ƙoshi. Haka ma Hajiya, surukata, da ta tashi daga jinya: cokali biyar take yi ta ture kwano, don haka kowane cokali sai ya zama yana da abin kirki a ciki.

Nan garin tsiro ya shigo, wato garin hatsin da aka tsirar aka busar. In ƙwayar hatsi ta fara tsirowa, tana fitar da wani sinadari, masana na ce masa amilez, wanda ke yanyanka sitaci ya mayar da shi sukari don ɗan tsiron ya samu abinci. In ka zuba ɗan garin irin wannan hatsi a kunu mai kauri, aikin nan yake yi a cikin tukunya: kunun ya saki, ya ɗan yi zaƙi, alhali ba ka ƙara ko ɗigon ruwa ba. Kuma fa ba baƙon ilimi ba ne. Masu kunun zaƙi sun daɗe suna niƙa ɗanyen dankalin Hausa ko tsiron hatsi suna zubawa a gasarar da aka dama don ta saki. Mu ne dai ba mu taɓa tunanin kai dabarar kofin yara ba. Ƙarin riba, jiƙawa da tsirarwa suna rage sinadarin da ke riƙe ƙarfe da zinc a cikin hatsi ya hana jiki ɗauka.

Zagaye na farko, wayona ne ya ci ni. Geron ya tsira da kyau, sai na ce bari in haɗa shi da sauran in soya gaba ɗaya in huta. Gari ya yi ƙamshi, kunu kuwa ko gezau. Ashe zafin kasko yana kashe amilez ɗin. Tsiro ba a soya shi, busar da shi ake yi.

Na biyu ya faɗo tsakiyar Agusta, kun kuwa san Agustan Jos. Kwana uku ban ga rana ba, ruwa na tsiyaya kamar an manta da famfo. Na baza tsiron a faifai a cikin ɗaki, kwana biyu sai ga fumfuna kore-kore da wari irin na tsohon buhu. Hajiya ta ce, "'Yar nan, wanke ki soya mana, hatsi ai ba a zubar da shi." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan karon dai a bar ni in yi asara." Wasu nau'in fumfuna da ke kama masara da gyaɗa da sauran hatsi suna barin dafin da ake kira aflatoksin, wanda ke taɓa hanta, kuma wanki ko suya ba sa kawar da shi. Ko kaji ban ba wa ba. Tun daga ranar na ƙara sa ido a kan gyaɗa ma: duk ƙwayar da ta yamutse, ko ta yi baƙi, ko ɓera da ƙwaro suka huda, gefe take.

Na ukun da ya yi, ga yadda na bi. Gero gwangwani 1, na wanke na rege, na jiƙa shi awa 12. Na tsane, na baza a kan tsaftataccen ƙyalle mai laima, na rufe da wani, ina yayyafa ruwa safe da yamma ina ɗan juyawa don iska ta shiga. Sai a kwana na uku ya fito da farin gashi. Sanyin garinmu yana jinkirta shi, na tabbata 'yan Abuja za su riga mu. Na shanya a rana kwana biyu har ƙwayar tana ƙaras a haƙori, na murje saiwar da tsiron a tafin hannu, na bakace, na daka a turmi na tankaɗe. Da gangan na zaɓi gero. Tsiron dawa yana da guba a saiwarsa da ɗan kansa, wadda za ta yi da dawa dole ta murje su sarai.

Sai gwaji. Na dama kunu da kauri har ludayi na tsayawa, na sauke, na bar shi ya ɗan sha iska, da zafinsa amma ba yana tafasa ba. Na barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya na garin tsiro a kan kofi guda, na juya. 'Yan uwa, kafin minti goma ludayin da ke tsaye ya kwanta. Na kira ƙanwata ta zo ta gani da idonta, ta rantse na ƙara ruwa a ɓoye. Bayan ya saki na mayar da shi wuta ya sake tafasa sau ɗaya, tunda tsiron ɗanye ne kuma yaro za a ba.

A na yaron ina ɗiga manja kaɗan. Ba na sa zuma, ba a ba wa ɗan ƙasa da shekara 1. A na Hajiya ina sa ruwan tsamiya, wani lokaci garin ƙwallon kuka, don bitamin C da ke cikin ƙwallon kuka yana taimaka wa jiki ɗaukar ƙarfen da ke cikin hatsi da wake. Shayinta ne muke rigima a kai: ganyen shayi yana tauye wannan ɗauka in aka sha tare da abinci, na roƙe ta ta jinkirta shi zuwa hantsi, wasu ranakun takan yarda.

Abu ɗaya da zan nanata, domin wata ta tambaye ni ko yana maganin tamowa: garin Tom Brown na rigakafi ne da ƙarin ƙarfi. Yaron da aka auna damtsensa a asibiti tef ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafunsa suka kumbura, tamowa ce mai tsanani, kuma asibiti ne wurinsa, ba kasko ba.

Yanzu na zuba garin tsiron a kwalba mai murfi, daban da babban garin, zan riƙa gwada shi duk Juma'a in ga mako nawa zai yi kafin ƙarfinsa ya ragu. Na kuma jiƙa acha mai ɓawo jiya da daddare. Wadda ta taɓa tsirar da acha a cikinku ta faɗa mini kwana nawa ta ɗauka a wurinta.